Inci ɗaya da rabi da muka yanke wa birkin hannu

Motata Golf 3 ce, ƙirar 1996, kuma ni ne mutum na uku da ya riƙe ta a nan Katsina. Inji lafiya lau. Cikinta ne ya tsufa: kujerar direba ta lotsa har ina jin ƙarfe a ƙuguna, robar da ke tsakanin kujeru, wadda ta rufe gindin giya da birkin hannu, rana ta gasa ta har ta tsattsage. Da bakanikena ya kira ni ya ce an jawo wata Golf 4 da ta yi hatsari, gabanta ya tafi amma cikinta ko ƙwarzane babu, ban tsaya shawara da kowa ba. Na sayi kujerun gaba biyu da robar tsakiya.

Golf 4 ta fara fitowa a 1997, ita ta gaji tawa, to amma gado ba ya sa rigar wani ta zauna wa wani daidai. Da Vento ce aka samu, da kwancewa da ɗaurawa ne kawai, don ita da Golf 3 jiki ɗaya ne, but ne ya bambanta su. Wannan kuwa sai da mai walda ya gyara ƙafafun kujerun, aka huda sababbin ramuka, aka ɗan fere robar ta gefe. Kwana biyu aka yi. Na shiga na zauna, na ji kamar sabuwa na sayo.

Ran Asabar muka kama hanyar Daura da iyali, za mu suna. Tun daga gida na lura jar fitilar birki ba ta mutu ba, na ce wataƙila waya aka taɓa wajen aiki. Kafin mu kai Mashi uwargida ta ce tana jin ƙauri. Na ce ko ciyawa ake ƙonawa. Ta ce ita dai ƙaurin nan tare da mu yake tafiya. Na sauka gefen titi, na kai hannu kusa da tayar baya, sai na janye da sauri. Ƙarfen ya yi zafin da in ka tofa yawu sai ya yi cuu.

Nan na gane abin da ya faru. Sabuwar robar ta fi tsohuwar tudu a gindin giya, kuma tudun ya matso baya. In na sauke birkin hannu, bakinsa sai ya hau kan tudun ya tsaya, bai kai ƙasa ba. Da ido za ka rantse ya sauka. Amma wayoyin nan biyu da suka tashi daga gindinsa zuwa tayoyin baya suna nan a ɗan ɗame, shi ya sa birkin ke gugar durom, wato ƙoƙon ƙarfen da ke juyawa tare da tayar baya, tun daga Katsina. Na ari sukundireba wajen wani mai faci, na kwance robar da na kashe wa kuɗi na jefa ta but, muka jira ƙarfe ya huce, muka ƙarasa Daura bayan an gama rabon waina.

Litinin da sassafe ina gareji.

"Oga, ka ga aikin da muka yi?"

Ya leƙa, ya ja ya sauke, ya yi dariya. "Malam, wannan ai ƙaramin abu ne. A sassauta waya gaba ɗaya, a cire soket ɗin fitilar, shi ke nan. Mi za ka yi da birkin hannu a Katsina? Ina dutsen yake? Ka sa ta a giya ka tafi abinka."

Ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayin ba. Garinmu shimfiɗe yake kamar faifai, kuma in ka bi motocin haya da ke lodin Jibiya ko Dutsin-Ma ka ja birkin hannunsu, da yawa za ka ji ya taho sakwaf ba ya riƙe da komai. Direba ya bar ta a giya ɗaya, yaron mota ya sa dutse, rayuwa ta ci gaba. Ni kuma gidana a Sabuwar Unguwa an ɗaga ƙofarsa saboda ruwan damina, hawan yana da tsini, kuma dole in tsaya a kansa in fita in buɗe get. Yara na wasa a ƙasan wurin kullum. Ban da haka, fitilar da yake cewa a kashe ba ta birkin hannu kaɗai ba ce, ita ce kuma ke kamawa in man birki ya yi ƙasa. Na ce mashi a'a.

Hanya biyu ta rage: ko a yanke robar, ko a rage wa hannun tsawo. Robar ita na saya don kyau, ba zan bari a yi mata gibi ba. Muka auna da tef, inci ɗaya da rabi ne ke hana ruwa gudu.

Sai da aka kwance shi aka ɗora a kan benci na san abin da na shekara ina ja. Ashe bututu ne. A cikinsa akwai siririn ƙarfe da ya tashi daga maɓallin da kake dannawa da babban yatsa har zuwa gindi, inda yake ture wani ɗan harshe. Harshen nan shi ke faɗawa tsakanin haƙoran wani farantin ƙarfe, shi ne ƙarar ƙat-ƙat-ƙat da kake ji in ka ja. Bayan maɓallin akwai sifirin da ke maido shi waje. Ƙasa kuma ɗan makunnin fitila, wanda sai hannun ya kwanta sosai yake danne shi. Abin da ke ciki ke nan, amma kowanne da awonsa.

Mai waldan dattijo ne, ba ya son surutu. Ya ce a zare maɓalli da sifirin da siririn ƙarfen kafin ya kusanto da wuta, don zafi na kashe sifirin, roba kuma narkewa za ta yi. Ya ƙi yankewa daga baki, inda mazaunin maɓallin yake. Tsakiya ya yanka, ya fitar da guntun, ya zura wani ɗan bututu a waje ya rungume gaɓar, ya like, ya goge har sai ka shafa za ka san an taɓa. Aikinsa bai ɗauki rabin awa ba.

Siririn ƙarfen ne ya cinye mana yini. Yaron Oga ya yanke shi da ido, bai auna ba, ya zarce da kamar faɗin ƙwayar wake. Aka haɗa komai, aka mayar, Oga ya ja birkin ya hau haƙora da kyau. Ya danna maɓalli don ya sauke, maɓalli ya shige har ƙarshe, harshe ko motsi. Mota ta kafe a tsakiyar gareji, ta tare wa wata Sharan hanya, mai ita yana ta duba agogo. Oga bai yi faɗa ba, ya dai kalli yaron ya ce, "Je ka ciro na waccan." Aka koma kan gawar Golf 4, aka zaro nata, dattijon ya lanƙwasa bakinsa ya dace, wannan karon aka riƙa ragewa da zarto kaɗan-kaɗan ana gwadawa, har sau huɗu.

Daga nan sai saiti. Aka ɗaga baya a jak, aka buɗe durom, aka tarar shu ɗin ɓangaren dama, wato abin da ke matse durom in an kama birki, ya ƙone ya yi santsi kamar gilashi, ladan tafiyar Daura. Na sayi sababbi na ɓangarorin biyu, don ba a canza ɗaya a bar ɗaya. Oga ya ja hannun zuwa haƙori na huɗu, ya riƙa ɗaure notin nan biyu da sifana mai lamba 10 har tayoyin suka ƙi juyuwa da hannu, sannan ya sauke ya juya su suka tafi sumul. Fitila ta mutu. Aka mayar da robata, bakin birkin ya kwanta a gabanta da ratar da yatsa zai shiga.

Abu ɗaya ne ba wanda ya faɗa mani tun farko, ko da yake duk wanda ya taɓa kwance taya da gajeren sifana ya san shi: in hannu ya gajarta, sai ka ƙara ƙarfi wajen ja. Ni ban damu ba. Uwargida ce ta fita da motar ran Juma'a, ta dawo ta tsaya a kan hawan ƙofa, na hango ta daga ciki tana ja da hannu biyu. Ta kai haƙori na uku ta haƙura, ta leƙo ta taga ta ƙwala wa babban yaronmu kira ya kawo bulon nan da ke jikin katanga.