Yawon gidajen tarihi a Oxford

Jama'a, duk wanda Allah Ya kai shi Oxford a Ingila, kada ya tsaya ɗaukar hoton kwalejoji kawai. Ya leƙa gidan tarihi na Ashmolean da ke titin Beaumont, shiga kyauta ce. Tun 1683 aka buɗe shi da kayan da Elias Ashmole ya bai wa jami'ar.

Abin da ya fi tsayar da ni shi ne zanen farauta na Paolo Uccello. Mahaya da karnuka da bareyi duk sun nausa cikin duhun kurmi, idonka ma sai ya bi su ba ka sani ba. Na daɗe tsaye har wani dattijo ya yi min gyaran murya in matsa. Akwai kuma gogen Turawa da Stradivari ya ƙera a 1716, a killace cikin gilashi, ba a goga shi. Wallahi abin ya ɗan ba ni haushi, goge ai don a ji muryarsa aka yi shi.

Gidan baje kolin zanen zamani na Modern Art Oxford kuwa leƙe kawai na yi na fito, ba irin nawa ba ne.

Gidan tarihi na Pitt Rivers, wanda aka kafa a 1884, shi ne ya dame ni. Akwatunan gilashi cunkushe cikin ɗan duhu, an jera kaya bisa amfaninsu, ba ƙasarsu ba. A cikin tarinsu har da kayan masarautar Benin ta Najeriya da sojojin Birtaniya suka kwaso a 1897, kuma har yanzu ana ta muhawarar mayar da irinsu gida.