Asabar, 22 ga Fabrairu, 2025: Faretin ƙarshe kafin azumi

Tun bayan sallar asuba ban koma barci ba, don tuta da igiyoyi da akwatin agajin gaggawa duk a gidana suke kwana, kuma na ce wa yara ƙarfe bakwai da rabi ta same su a fili. Hunturu ya ja da baya, sai ɗan hazo da sassafe. Na ɗaure kayan a bayan mashin na nufi makarantar firamaren da muke taruwa a Tudun Wadan Zariya.

Yau rana ce ta musamman ga kowane ɗan sikawut da 'yar gayid. A rana irin ta yau aka haifi Baden-Powell a 1857, mutumin da ya kwashi yara kusan ashirin ya kai su sansani a tsibirin Brownsea na Ingila a 1907, inda harkar ta samo asali. Matarsa Olave, wadda ta jagoranci 'yan gayid na duniya, ita ma 22 ga Fabrairu aka haife ta, a 1889. Abin ya iso Nijeriya a 1915, na 'yan mata kuma a 1919. Shi ya sa muka haɗu da Malama mai kula da 'yan gayid da 'yan matanta, su a gefen itatuwan darbejiya, mu a gefen katanga. Aka ɗaga tuta, aka ɗaga yatsu uku aka sabunta alkawari, aka yi addu'a. Azumi saura mako guda, saboda haka wannan ne faretinmu na ƙarshe sai bayan sallah.

Yara sun zo da yawa, ban da abin cewa a nan. Wasu da kaki cikakke, wasu da ƙyallen wuya kawai a kan kayan gida, kuma ban taɓa korar yaro don rashin kaki ba. Abin da ya tsaya mini a rai ya faru ne bayan fareti, da muka zauna koyon ƙulli. Ni ne a durƙushe cikin ƙura da igiya a hannu, ina ta maimaita dama kan hagu, hagu kan dama, yara sun kewaye ni, na baya ba ya ganin abin da hannuna yake yi.

Kafin 2020 ba na taɓa igiya a irin wannan zama. Tsarin sikawut ya bambanta da na aji. Raba yara ake yi rukuni-rukuni, shida zuwa takwas, kowane rukuni da shugabansa, shi ma yaro ne, sai dai ya ɗan girme su kuma ya riga su shiga. Shi yake koya musu ƙulli, shi yake duba faratansu, shi yake bin sawun wanda bai zo ba har ƙofar gida ya yi sallama da mahaifinsa. Malami nasa sa ido ne daga gefe. Ɗan shekara goma sha huɗu ya koya wa ɗan sha ɗaya, bayan shekara uku shi ma ya koya wa na bayansa. Haka na taso na gani, haka aka yi mini. Korona ta zo ta ɗauke mana tsakiyar wannan jeri, kuma yau shekara biyar ke nan gurbin bai cike ba.

Ranar 27 ga Fabrairu, 2020 aka tabbatar da mutum na farko da ya shigo da cutar, wani ɗan Italiya a Legas. Kafin a cika wata guda an rufe makarantu. Ranar 26 ga Maris gwamnatin Kaduna ta sa dokar kulle ba dare ba rana, bayan kwana biyu muka ji gwamna Nasir El-Rufa'i da kansa ya kamu, ragamar yaƙi da cutar ta koma hannun mataimakiyarsa, Dakta Hadiza Balarabe. Aka yi azumi a kulle, babu tafsiri a masallatai, babu sallar Juma'a, babu zuwa coci. Hawan sallah, inda yaranmu suka saba tsayawa tare da 'yan agaji suna tare jama'a daga hanyar dawakai a ƙofar fada, shi ma ba a yi ba.

Daga 3 zuwa 5 ga Afrilu na 2020, uwar ƙungiyar sikawut ta duniya ta shirya taron intanet na musamman, irin wanda aka saba yi duk watan Oktoba da ake kira JOTI. Na shiga ta wayata. Na ga yara a Turai sun kafa tanti a bayan gida, wasu a tsakiyar falo, suna hira da takwarorinsu na wasu ƙasashe. Abin ya burge ni, kuma ya sa ni tausayin nawa. Yarona na Gyallesu ko Tudun Jukun ba shi da waya. Wayar ta mahaifinsa ce, mahaifin kuma yana zaune a gida babu fita nema, tunaninsa abin da za a ɗora a murhu ne. Wa zai ce masa ya sayi data don yaro ya koyi ɗaurin igiya? Na buɗe zaure a WhatsApp, ya zama iyaye maza ne a ciki, muna tambayar juna ranar da za a buɗe gari a yi cefane.

Abin da ya yi aiki shi ne ƙafa. A ranakun da ake sassauta doka, nakan yanka igiya kamu bibbiyu in ba manyan yaran, kowa ya raba wa 'yan rukuninsa na unguwa. Da gwamnati ta mayar da filayen wasu makarantu kasuwannin wucin gadi, su ne suka harhaɗa abin wanke hannu a bakin ƙofa: sanda biyu a kafe, ɗaya a gicciye, galan mai huji yana rataye, igiya ta sauko zuwa wata sanda a ƙasa. Ka taka da ƙafa, galan ya karkata, ruwa ya zubo, ba ka taɓa komai da hannu ba. Sabulu ma a igiya yake rataye. Babu wanda ya ba su ko sisi. Tsofaffi suna wucewa suna sa musu albarka, wasu kuma suna yi musu dariya suna cewa cutar masu hawa jirgi ce. Ba su fasa ba. Ban taɓa alfahari da yara kamar yadda na yi da waɗannan a lokacin ba.

Su ɗin ne kuma muka rasa. An sassauta kulle a watan Yuni, amma makarantu sai wajen Oktoba aka fara buɗe su kaɗan-kaɗan, a Disamba aka sake rufewa. Jami'ar Ahmadu Bello ma a rufe take saboda yajin aikin malamai da ya kai har ƙarshen shekara, Samaru da Kongo suka yi tsit, duk mai cin abinci a jikin ɗalibai ya shiga wani hali. A cikin waɗannan watanni ɗan shekara goma sha biyar ba zai zauna hannu rabbana ba. Wannan ya tafi garejin kanikanci, wancan shagon ɗinki, wani ya hau acaɓa. Da aka buɗe makaranta gida ya riga ya saba da ɗan abin da yake kawowa. Ban ga laifin ko ɗayansu ba, ban ga na iyayensu ba.

Muna cewa za mu farfaɗo, sai 2021 ta zo da nata. 'Yan bindiga suka kwashi ɗalibai a kwalejin gandun daji ta Afaka a watan Maris, a watan Yuni aka shiga Kwalejin Nuhu Bamalli a nan Zariya, a Yuli aka kwashe 'yan makarantar Bethel. Gwamnati ta sake rufe makarantu har Satumba. Daga nan zancen kwana a daji ya mutu, kuma ni ma da za a ce in kai 'ya'yan mutane ba zan kai ba. Amma a sansani ake gane shugaba. A can ne za ka ga wanda zai tashi ya hura wuta ba a ce masa ba, da wanda zai ba ƙarami bargonsa. Fareti na awa uku ranar Asabar ba ya nuna maka wannan.

Shi ya sa raina yake ɓaci in na ji ana cewa yaran yanzu ba sa son sikawut, waya ta ɗauke musu hankali. Mai faɗin haka ya zo filinmu ya gani. Ƙanana suna nan cike, da ɗoki da tambaya. Yayye ne babu.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya rana ta buɗe sosai, wani ƙaramin yaro ya yi haɓo. Nan take 'yan uwansa suka ɗaga masa kai sama, ɗaya ya ruga neman ruwan da zai zuba masa a ka. Ina can ƙarshen fili, kafin in iso sai na ji murya daga bakin ƙofa:

"Kai, kar ku ɗaga masa kai! Ku zaunar da shi!"

Mai Keke Napep ɗin da ya kawo mana ruwan leda ne. Ya ajiye jakar da ke hannunsa, ya zaunar da yaron, ya sunkuyar da kansa gaba kaɗan, ya kama taushin hancin da yatsu biyu, ya ce ya riƙa numfashi ta baki. Ya dubi sauran ya ce in an ɗaga kai jinin maƙogwaro yake bi, kuma ba a saki sai an yi minti goma. Sai da na matso na gane shi. Ya yi tsawo, ya tara gemu, amma shi ne shugaban rukunin da ya fi kowa iya haɗa galan ɗin nan a 2020.

Ya rusuna. "Malam, ina kwana. Na same ku lafiya?"

"Lafiya lau. Kai ne? Ashe kana garin nan?"

"Ina nan, Malam. Kwangila zuwa Samaru nake yi."

Jinin ya tsaya. Bai tafi ba, idonsa yana kan sandunan da muka baza a ƙasa. Na miƙa masa igiya ban ce komai ba. Ya durƙusa ya haɗa sanda biyu a gicciye, ya zagaya sau uku, ya matse ta tsakiya, ya ɗaure, ya ce wa wani yaro ya hau ya gwada. Ko motsi ba ta yi ba. Yaran suka rufe shi, wannan yana cewa Yaya sake yi, wancan yana cewa Yaya duba nawa. Da ni ba sa haka. Ni Malam ne, kunyata suke ji, in ba su gane ba sai su gyaɗa kai. Shi kuwa har jan rigarsa suke yi, yana buge musu hannu yana cewa ba haka ba, warware ka sake.

Da zai tafi na raka shi bakin keke. Na ce, "Ka ga yadda suke. Ko awa ɗaya ce ka riƙa ba mu ranar Asabar."

Ya sunkuyar da kai. "Malam, Asabar ranar bukukuwa ce, ranar ake haɗa balas. Mai keken in yamma ta yi kuɗinsa kawai ya sani."

"Na sani. Ka dai duba."

"Allah ya ba da iko, Malam."

Na san wannan ba alkawari ba ne, kuma ban matsa ba. Gaskiya ya faɗa.

Bayan an sallami yara muka tsaya da Malama a inuwa. Yau ta koya wa nata haɗa ruwan gishiri da sukari, lita ɗaya na ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, tunda zafi yana tafe da gudawarsa. Na ba ta labarin abin da ya faru. Ta ce nata ya fi nawa, domin manyan 'yan matan da suka yi ta ɗinka takunkumi da ƙyallayen atamfa suna raba wa tsofaffi a lokacin kulle, da yawansu kafin a buɗe makaranta an sa musu rana. Wasu sun ci gaba da karatu, amma sun bar unguwa.

"To, ya kika yi, Malama?"

"Malam, na daina jiran su zo. Ni nake kai musu yaran."

Ashe takan nemi izinin maigida, ta ɗauki 'yan mata biyar ko shida ta kai su gidan tsohuwar 'yar gayid da la'asar, a zauna a tsakar gida. Ita matar gidan ce take koyarwa, ɗinki ne ko ɗaurin bandeji ko waƙoƙin ƙungiya, goyonta a baya. Ta ce mazan ba su cika hanawa ba tunda babu fita, matan kuma murna suke yi an tuna da su. Wannan dabara ta shige ni ƙwarai. In mai keke ba zai samu safiyar Asabar ba, ai akwai lokacin da yake wanke kekensa. Bakanike yana da yammacin Juma'a. Rukuni ɗaya mutum shida ne, ko'ina za su iya zama, ba dole sai fili da tuta ba.

Mun kuma yi maganar Dutsen Kufena. Yawancin yaran nan daga nesa kawai suke hango shi in an bi ta Wusasa, ba su taɓa hawa ba. Muna so bayan sallah mu kai su, a tafi da safe a dawo kafin la'asar, babu kwana. Sai kowane uba ya amince da bakinsa, sai mun sanar da mai unguwar wurin, kuma ina so a samu manya aƙalla ɗaya a kan kowane rukuni. A nan ma tsofaffin yaran nake bukata, don su sun san hanyar hawa, sun san inda dutsen yake da santsi.

Da daddare bayan isha na ciro tsohuwar rijistar 2019 na bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, na ware waɗanda na san inda suke. Uku suna gareji ɗaya a Sabon Gari. Gobe in Allah ya kai mu can zan fara, kuma wurin ogansu zan fara zuwa kafin in yi magana da su, don shi ne mai ba su lokaci.