Yarinyar da ta ce littattafanmu na tsofaffi ne

Hutun nan 'yar yayata, mai shekara 14, ta zo gidana. Kullum idonta na kan waya, tana bin labaran soyayyar da ake turowa guntu-guntu a WhatsApp. Ban ƙwace wayar ba. Akwatin littattafaina na buɗe, na miƙa mata Ruwan Bagaja. Ta juya bangonsa da ya kode, ta ce, "Gwaggo, ai wannan na tsofaffi ne." Ban musa ba, tunda Abubakar Imam ya rubuta shi ne don gasar ƙagaggun labarai ta 1933.

Bayan isha'i sai na jiyo dariya daga ɗaki. Ashe ta kai inda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman suke ta yi wa juna ƙeta. Kwana biyu ta gama shi, har tuwo ya kusa ƙonewa ina kallo, na yi shiru.

Daga nan na yi gaggawa, na ba ta Shaihu Umar na Tafawa Balewa. Kuskure ne. Labarin bauta da uwar da ta ratsa sahara tana neman ɗanta ya yi mata nauyi, ta ajiye shi a tsakiya. Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo ne ya dawo da ita, labarin yaron da aka ɗauka zuwa sararin samaniya. Ni a ganina wanda ya fara tasawa, dariya da mamaki ake fara ba shi.

Jiya ta koma gida. Na duba akwatin, Magana Jari Ce na ɗaya ba ya nan.