Amsar da aka bayar a guruf, ina take bayan shekara biyu?

Ina cikin 'yan tsirarun da ke kula da wata ƙaramar buɗaɗɗiyar manhaja (wadda kowa ke iya duba cikinta ya gyara) ta rubuta Hausa a kwamfuta, wadda ke ba mutum damar buga ƙ da ɗ da ɓ ba sai ya je ya kwafo su daga wani shafi ba. Aikin sa kai ne, babu mai biyan kowa. Da masu amfani da ita suka ƙaru, sai gardama ta taso a tsakaninmu kan inda za mu riƙa amsa tambayoyin jama'a. Wasu suka ce guruf ɗinmu na WhatsApp ya wadatar. Wani ya ce ai yanzu manhajar hira ta Discord ake yayi. Ni kuwa na kafe a kan zauren tattaunawa, irin wanda kowace tambaya ke da shafinta da adireshinta.

Tambayar da ta fi damunmu ba mai wuya ba ce. Mutumin Maraɗi ko Damagaram zai shigo ya ce yana neman ƴ mai ƙugiya, yadda ake rubutawa a Nijar, alhali manhajar tana ba shi 'y irin ta Najeriya. Amsar layi biyu ce. Amma an ba da ita a guruf har an gaji, kuma sau da yawa da saƙon murya, don mutanenmu sun fi sakewa da magana a kan rubutu. To wa zai iya lalubo saƙon murya na watan jiya a cikin gaisuwar Juma'a da sanarwar ɗaurin aure? Google ma ba ya ganin abin da ke cikin guruf. Guruf majalisa ce: wanda yake zaune lokacin da aka yi maganar shi ya ji, wanda ya zo bayan la'asar sai dai a maimaita masa, in mai maimaitawar bai tashi ba.

Abin da na faɗa wa abokan aikina shi ne, kafin mu duba wace manhaja ce ta fi kyan gani, mu tambayi kanmu wa ke riƙe da makullin ɗakin da muke tara iliminmu. Manyan ayyuka sun sha wannan darasi kafin mu. A 2022 kamfanin Slack, mai manhajar hira ta ƙungiyoyin aiki, ya sauya tsarinsa na kyauta. Da can kana iya ganin saƙonni 10,000 na baya-bayan nan, sai aka mayar da shi kwana 90 kacal. Ƙungiyar da ba ta da yawan surutu, wadda saƙonni 10,000 ke iya riƙe mata tarihin shekaru, ita ce ta fi cutuwa, domin duk amsar da ta haura wata uku ta shige bayan labule sai an biya kuɗi. Kuma Slack kan kowane mutum yake caji, wanda ga aikin sa kai mai ɗaruruwan mambobi magana ce da ba ta ma tasowa.

Na Freenode ya fi wannan tayar da hankali. Shekara da shekaru nan ne matattarar hirar masu buɗaɗɗiyar manhaja, a kan IRC, tsarin hira ta rubutu da Jarkko Oikarinen ya ƙirƙira a Finlan tun 1988. A watan Mayun 2021 rikici ya ɓarke kan wa ke da iko da cibiyar, masu kula da ita na sa kai suka ajiye aiki suka kafa sabuwar cibiya mai suna Libera.Chat, cikin 'yan kwanaki kuma manyan ayyuka irin su Ubuntu da Wikimedia da Gentoo da wasu da dama suka tattara suka bi su. Abin da ya sauƙaƙa musu ƙaurar shi ne ba a can suke ajiye muhimman bayanansu ba. Hira kawai ake yi, takardu da tarihin shawarwari suna wani wuri daban. Da a ce duk amsoshinsu na shekara goma a can suke, da labarin ya sha bamban.

Shi ya sa nake kallon abin da manya suka yi da idon basira. Masu harshen rubuta manhaja na Swift sun bar jerin wasiƙun imel suka koma zaure a kan Discourse, manhajar kafa zauren tattaunawa, a farkon 2018, masu manhajar LLVM suka bi sahu a farkon 2022, harshen Python ma yana da nasa tun 2018. Jeff Atwood, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Stack Overflow, shafin tambaya da amsa na masu rubuta manhaja, a 2008, shi ne ya fara Discourse a 2013, kuma ita kanta buɗaɗɗiya ce: in ka ga dama ka ɗora ta a kan sabarka, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin a intanet, ka kwashe bayananka ranar da ka so. Amma ba wanda ya rufe ƙofar hira a cikinsu. Mozilla, mai Firefox, ta kashe sabarta ta IRC a watan Maris na 2020, ta koma wani tsarin hira mai suna Matrix, ba ta ce a daina hira ba. Masu harshen Rust suna da zaure don tambayoyin jama'a, suna kuma da manhajar hira ta Zulip inda ƙungiyoyin aiki ke magana, wanda shi tsaka-tsaki ne, tunda saƙonni kan shiga ƙarƙashin wani take.

Ba zan zalunci hira ba. Akwai matsalar da sai da ita. Mutum ya ce manhaja ta ƙi hawa, ka ce wace Windows ce, ya turo hoton allonsa, ka ce danna nan, cikin minti goma an gama. A zaure wannan sai ya ci kwana uku. Sannan sabon shiga yana jin nauyin buɗe shafi guda da sunansa don ya yi tambayar da yake tsoron a ce ta wauta ce, alhali a guruf sai ya yi sallama ya jefo ta. Zumunci ma a hira yake ƙulluwa. Yawancin waɗanda suka zama masu taimaka mana daga baya, a nan muka fara sabawa da su.

Sai dai hira tana da wani zalunci da ba a cika faɗa ba, wato tana fifita wanda yake kan layi kullum. Mai wuta da data a wadace shi ke jan zance. Wanda wayarsa ta mutu tun azahar saboda an ɗauke wuta, in ya dawo ya tarar da saƙonni ɗari uku, an yanke shawara an wuce. Mu kanmu masu amsawa abin yana cin mu, don wanda ya ga alamar ka karanta saƙonsa yana jiran amsa yanzu-yanzu, ko da kana wurin aikin da ke ciyar da kai. A zaure ba wanda ke tsammanin haka. Ka amsa da dare, amsar ta fito a natse, da matakai ɗaya bayan ɗaya.

Discord fa? An gina shi a 2015 don masu wasannin kwamfuta, kuma ya iya abin da aka yi shi dominsa. Ya ƙara ɗakuna masu kama da zaure a 2022, amma har yanzu sai ka yi rajista ka shiga kafin ka karanta, mai bincike daga waje kuma ba zai faɗo kan amsar ba. Wannan kaɗai ya ishe ni.

Mu dai ba mu kafa Discourse ba. Tana son saba, saba tana son kuɗin haya da dala duk wata, da mutumin da zai riƙa sabunta ta yana share tallan banza. Zauren da ba kowa a cikinsa kuwa ya fi rashinsa muni, don baƙo in ya ga tambayar ƙarshe ta wata shida ce ba amsa, sai ya ɗauka aikin ya mutu. Muka buɗe GitHub Discussions, zauren tattaunawa na GitHub, shafin da masu manhaja ke ajiye aikinsu, tunda dama a can manhajar take kuma kyauta ne. Na san shi ma gidan wani ne, na Microsoft tun 2018, don haka duk amsar da ta nuna za ta daɗe muna kwafe ta cikin takardun manhajar, waɗanda kowannenmu ke da su a kwamfutarsa.

Guruf ɗin yana nan, ba mu hana kowa tambaya a ciki ba. Ƙa'idar a kanmu take, mu masu amsawa: tambayar da ta zo karo na biyu, wanda ya amsa ta shi zai rubuta ta a zaure, ya dawo ya liƙa adireshin a guruf. Ta ƴ mai ƙugiya ita muka fara rubutawa, da Hausa da Faransanci, saboda 'yan'uwanmu na Nijar da kwamfutocinsu ke da allon bugu irin na Faransa.