Abin da Ɗaukar Hoton Ruwa Ya Koya Mini

Sana'ata hoto ce: biki, suna, hoton katin ɗan ƙasa, sai talla in ta samu. Tallar ce ma ta haɗa ni da ruwa, da masu sayar da zoɓo da lemun tsamiya a nan Maradi suka fara neman hoton kayansu don su ɗora a WhatsApp. Daga baya abin ya shiga raina, na koma bin ɗigo guda ba tare da kowa ya biya ni ba.

Ruwa mai tsabta ba ya fitowa a hoto da kansa. Abin da ke bayansa ko gabansa shi kyamara ke kamawa, don haka yawancin aikin yana kan ƙyallen da ka rataya da inda ka tsaya. Cika kofin shayi na gilashi ka ajiye gaban farin bango, hoton zai fito fari fat, kofin ya ɓace. Tsayar da baƙin ƙyalle hagu da dama, can gefe inda ba zai shiga hoton ba, nan take gefen kofin ya yi baƙin zare siriri, ruwan ya samu siffa.

Randa ce ta fi fahimtar da ni maganar haske. In ka kalli ruwa daga sama kai tsaye, kusan kashi 2 cikin 100 kawai na hasken ke dawo maka, sauran ya nutse. A farar roba gindin roba za ka gani. Cikin randa kuwa duhu ne, babu hasken da ke tasowa daga ƙasa, wannan ɗan kason ya isa ka ga fuskarka da reshen dogon yaro da ke sama da kai. Ranar da na yi ta sunkuyo a kan ta gidanmu, kakata ta ce, "Kai ɗan nan, aljani ka jefa ciki?" Na ce, "A'a, Kaka, sama nake ɗauka." Ta girgiza kai ta wuce. Kana ƙara sauke kyamara kusa da fuskar ruwa, madubin na ƙara ƙarfi. Shi ya sa a tafkin Madarunfa nake kwanciya rub da ciki a bakin gaɓa da sassafe, kafin iska ta taso ta yamutsa shi. In kuma ƙasan ruwan kake so, akwai gilashin kashe ƙyalli da ake ɗaurawa a bakin kyamara, wanda ya fi aiki in ka karkata kimanin digiri 53 daga tsaye.

Ɗigo kuma wata duniya ce. Yana lanƙwasa haske, ya juya abin da ke bayansa, sama ta koma ƙasa. A garakan Jiratawa raɓa takan dunƙule a ganyen kabeji, saboda ganyen ba ya jiƙa. Nakan riƙa atamfa kamar taƙi ɗaya a baya, a kife, sai furen zanen ya fito cikin kowane ɗigo a tsaye. Inda wuyar take, abin da ke fitowa tas a irin wannan kusanci bai wuce 'yan milimita ba, kuma dole ka zaɓa: fatar ɗigon ko hoton da ke cikinsa. Ni na cikin nake bi. Hannu ba ya iya riƙewa, numfashi ma gurɓata hoto yake. A kafa kyamara, a sa mata lokaci ta ɗauka da kanta. Ɗigo mai faɗowa kuwa walƙiyar fitila ke tsayar da shi, dabarar da Harold Edgerton na Amurka ya yi suna da ita, har ya ɗauki fantsamar madara mai siffar kambi a 1957.

Yanayin garinmu yana da nasa sharuɗɗa. Da hunturu ƙura kan sauka a ɗigo kafin ka gama saiti, kowace ƙwaya ta fito ɓaro-ɓaro. A watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ɗigon na ƙafewa kana kallo. Maganinsa ɗan gilisarin daga kantin magani, a gauraya da ruwa, a ɗiga da sirinji.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda samari ke rina kowane ruwa shuɗi a waya. Gulbin Maradi, wanda ya ci tsohon gari a 1945 har aka hau tudu, da jan ruwa yake zuwa daga wajen Katsina duk damina, ɗauke da laka da karare da kumfa. Matsa kusa ka gani: kowace ƙwayar kumfa na ɗauke da gajimare da inuwar mai tsallakawa da keke a kafaɗa. Wani mai shago ya taɓa cewa in wanke masa launin hoton gulbin kafin ya rataya. Na ƙi, bai saya ba.