Daga Leda Zuwa Akwatin Tafiya: Inda Muka Kai a Adana Katunan 'Yan Wasa

'Yan uwa masu koyon tara katuna, an gama ware su bisa shekara da kamfani, yanzu aikin ya zo kan mazubi. Yawancin sababbin shiga akwati suke fara saye, mai kyan gani da makulli, daga baya su tarar abin da suke da shi bai zauna a ciki ba. Daga jikin kati ake farawa a fito waje, akwati shi ne na ƙarshe. Abu biyu ake nema a kowane mataki: kada katin ya yi motsi, kuma kada a matse shi.

A fara da awo. Katin da aka saba gani faɗinsa inci 2.5 ne, tsawonsa inci 3.5, wato kusan milimita 64 da 89. Kamfanin Topps na Amurka ya tsaya a kan wannan awo tun 1957. Nasa na 1952 zuwa 1956 sun ɗan fi girma, saboda haka ledarsu daban ce. Kauri kuwa da foyin ake auna shi, kowane foyin ɗaya bisa dubu na inci ne. Katin yau da kullum yana shiga gidan roba mai foyin 35. Masu ɗauke da ƙyallen rigar ɗan wasa a jikinsu suna iya buƙatar 75, 100, 130 ko 180, kuma 130 ɗin nan ya haura milimita 3. Wanda ya tura kati mai kauri cikin gidan 35 da ƙarfin tsiya, gefen katin ne zai daddare, farin kwalin ciki ya fito, kuma ba ya gyaruwa.

Rigar farko ita ce leda mai laushi, wadda ake sayarwa ɗari-ɗari a ƙunshi. A duba a ga an rubuta babu asid, babu PVC. Tsohuwar roba mai laushi ta PVC tana fitar da wani maiƙo idan ta daɗe, ya manne a fuskar kati har ya ɗebe tawada. Wajen sakawa ne kusurwa ta fi lalacewa. A buɗa bakin ledar da yatsa, a shigar da kusurwa ɗaya tukuna, sannan ta biyun. Idan katin mai kauri ne, a ɗan tsaga gefen bakin ledar da almakashi kamar rabin santimita, zai wuce salin-alin. Ledar da ta yi ƙura a yar da ita, don ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta ja layi a fuskar kati mai sheƙi irin Topps Chrome ko Panini Prizm.

Bayan leda sai toploda, gidan roba mai tauri, inci 3 da 4, buɗe ta sama, ƙunshinsa yawanci 25. Ba a sa kati tsirara a ciki, robar za ta goge masa fuska. A zura shi rabi, sannan a ɗan buga gindin toplodar a kan tebur har ya sauka da kansa. Danna shi da babban yatsa yana lotsa gefen sama. Bakin kuma a rufe shi da guntun tef na masu fenti, mai shuɗin nan da ke ɓarewa ba ya barin gam, a naɗe ƙarshensa kaɗan don a samu abin kamawa. Salatif na ofis yana barin danƙo, kuma mai cire shi da reza yakan kai ga katin. Wanda ya fi wannan shi ne a jefa toplodar cikin leda mai bakin liƙewa, ƙura ba ta shiga, katin ba ya zamewa.

Gida mai maganaɗisu, irin One-Touch na Ultra Pro, ya fi kyau a ido kuma yana rage hasken rana mai kashe launi. A ganina na baje koli ne, ba na tafiya ba, sai in an sa shi a leda mai liƙewa. Idan ya faɗi ƙasa yana iya buɗewa. Kuma idan aka sa katin 35 a gidan 100, zai riƙa karo da bango duk lokacin da aka motsa shi. Tsofaffin gidaje masu ɗaurin noti, waɗanda ba su da gurbi a ciki, a guje su gaba ɗaya. Suna latse kati har ya baje, kamfanonin tantancewa kuma, masu duba lafiyar kati, suna iya ƙin ba shi maki.

Mai niyyar aika kati wurin tantancewa ya nemi gida mai ɗan lanƙwasuwa, irin Card Saver 1, shi PSA, ɗaya daga cikin kamfanonin tantancewa, ke so a turo mata da shi. PSA ta fara aiki a 1991, kuma ita da takwarorinta Beckett da SGC duk suna ba da maki har zuwa 10 bayan sun duba kusurwa, gefe, fuska da daidaiton hoto a tsakiya. Uku daga cikin huɗun nan ajiya ce ke kare su ko ta ɓata su. Katin ɗan wasan baseball Mickey Mantle na Topps 1952 da aka sayar dala miliyan 12.6 a watan Agustan 2022, makin 9.5 da SGC ta ba shi ne ya kai shi can.

Katunan da ba su da tsada albam ya ishe su, mai aljihu tara a shafi. A zaɓi wanda ake zura kati ta gefe, ko mai zobe siffar D. Zobe kewayayye yana danne layin katunan da ke kusa da shi idan albam ya cika. Kati ɗaya a aljihu ɗaya. Na jibgewa da yawa kuma kwalin ajiya ne, mai cin 800, 3200 ko 5000. Lissafin nan na siraran katuna marasa leda ne, kuma toploda ba ta shiga layin kwalin 800, sai an nemi mai faɗin layi. A jera su a tsaye, a cike gurbin da ya rage da soso, kada su kwanta su lanƙwashe.

Sai laima, wadda ta fi komai wahalar sha'ani. Abin da ake so shi ne danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, zafi kuma kusan digiri 20. Kati mai sheƙi rufi biyu ne: kwalin baya yana shan danshi ya kumbura ko ya bushe ya tsuke, fuskar gaba kuwa ba ruwanta. Shi ya sa yake gantsarewa. Mai ajiya a Kano ko Maraɗi yana fama da duka biyun, bushewar hunturu da laimar watan Agusta. Da damina a sa ƙunshin silika, mai tsotse danshi, a akwati. Da hunturu a cire shi, don ƙara busar da busasshen kati ɓarna ce. Ƙunshi mai aiki biyu, irin Boveda na kashi 49, yana sha yana kuma saki. Ƙaramin ma'aunin laima a cikin akwatin shi zai faɗi gaskiya. Katuna masu santsi na shekarun 1990 da aka bari a jibge cikin zafi da laima suna mannewa su zama kamar bulo, raba su kuma yana ɗebe hoton. Kwali kada ya taɓa ƙasa ko bango, saboda gara da ruwa.

Yanzu akwatin tafiya. Kafin a saya a ƙirga abin da za a ɗauka, a kuma san irinsa, domin kwanson robar da Beckett ke rufe katin da ta tantance a ciki ya fi na PSA kauri, kuma gurbin da aka yanka wa ɗaya ba lallai ya karɓi ɗayan ba. Akwatuna masu tauri irin na Pelican suna da zoben roba a baki da ke hana ruwa da ƙura, da bawul mai daidaita iska don kada murfin ya ƙi buɗuwa bayan saukar jirgi. Soson da ake tsinka da hannu yana da saukin tsarawa, amma yana marmashewa da daɗewa. A bar aƙalla layi biyu na soso tsakanin kaya da bangon akwati. Soso mai tauri da aka yanka layi-layi ya fi ƙarko. Gwajinsa: a cika, a rufe, a girgiza a kusa da kunne. In an ji ƙwas-ƙwas, akwai sauran gurbi. In kuma sai an danna murfi da gwiwa yake rufuwa, an cika shi fiye da kima.

Akwatin da iska ba ta shiga yana riƙe duk danshin da aka rufe shi da shi, don haka ba a shirya shi a buɗaɗɗen wuri ranar ruwa. In an fito da shi daga ɗaki mai na'urar sanyaya zuwa zafi, a bar shi a rufe ya ɗan ɗumama kafin a buɗe, kada raɓa ta kwanta a kan robar. Ba a barinsa a but ɗin mota da rana, zafin yana lanƙwasa toploda da abin da ke cikinta. A jirgi kuma kayan hannu ne, ba ya bin manyan jakunkuna.

Masu zuwa manyan kasuwannin kati, irin National Sports Collectors Convention da ake yi a Amurka tun 1980, sukan ɗauki hoton gaba da bayan kowane kati, su rubuta lambar shaidar da ke jikin kwanson, su ajiye jerin a waya da kuma takarda a gida. Aikin da ke gabanmu ke nan: kowa ya jera nasa, ya rubuta kaurin kowane kati a gefen sunansa, sannan a yi odar gidaje bisa wannan lissafi.