Ba yaron ne ya goge jarrabawar ba

Ranar Lahadi ce, saura kwana biyu a fara jarrabawa, Ustaz mai lissafi ya shigo ɗakin kwamfuta rai a ɓace, filashi a hannunsa. Tambayoyin aji uku duk suna ciki, ya ce, yanzu babu ko ɗaya. Sai wasu foldoji masu 'yar kibiya a gefe, in ka danna ba su buɗe komai. Kafin in ce uffan har ya kama suna: wani yaro ɗan shekara 14 daga unguwarmu ta Shara Mansur, wanda kowa ya san hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Mudir, wato shugaban makarantar, kuwa tuni ya aika a kira mahaifinsa.

Shekara tara ke nan ina kula da kwamfutoci 24 na wannan makarantar kuɗi a nan Makka, inda yaranmu Hausawa suke da yawa. Da na ga kibiyoyin nan na gane ciwon. Bairas ne mai bin filashi. Ba ya goge komai, ɓoye foldojin gaskiya yake yi, ya ajiye na bogi masu sunansu. Kana danna ɗaya ya shige kwamfutar, duk filashin da aka soka bayan haka ya kwashi rabonsa. Minti biyar bai cika ba na fito wa Ustaz da tambayoyinsa cif.

Na ce, "Ustaz, don Allah ina filashin nan ta je kwanan nan?"

Ya yi shiru, can ya ce daren Alhamis ya kai ta wata maktaba, wato shagon kayan karatu, aka buga masa takardu, saboda firintar makaranta ba tawada. Kwamfutar shago irin wannan, filashi nawa ke shiga cikinta daga Asuba zuwa bayan Isha'i? Safiyar Lahadi kuma ya soka ta a inji uku na ɗakina da na ofis.

Ba ina cewa yara waliyyai ba ne. Na sha kama su. Wani ya sauko da wasan da aka fasa daga shafin da ko sunansa ba ya iya karantawa, wani ya saka VPN na kyauta don ya tsallake abin da muka toshe, wani ya canza hoton allo ya sa na ƙungiyar ƙwallon Ittihad don ya tsokani 'yan Hilal. Amma duk wannan ya yiwu ne saboda kowace kwamfuta tana buɗewa da asusun mai cikakken iko, kalmar sirrin kuma tana manne a ƙasan kibod, da rubutun babba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne malamin da zai shigar da maki a tsarin Noor na Ma'aikatar Ilimi, ya bar burauza ta riƙe masa kalmar sirri, ya tashi sallar Azahar ya bar shafin a buɗe, yara ashirin na zaune.

Na daɗe ina roƙon mai makarantar kuɗin gyara, kullum sai "in sha Allah bayan Hajji". A makon da abin ya faru na same shi na tuna masa abin da ya sami Aramco, kamfanin man fetur na Saudiyya, ranar 15 ga Agustan 2012, ana cikin goman ƙarshe na Ramadan, lokacin da bairas ɗin Shamoon ya shafe kwamfutoci kusan 30,000. Na ce, "Ya Shaikh, kamfanin da ke da injiniyoyi ba adadi ke nan. Mu fa, da makin yara da hotunan iƙamarsu, wato katin izinin zama a ƙasar, da lambobin iyayensu duk a inji ɗaya?" Maganar iƙamar ce ta shige shi.

Yanzu yaro da malami duk da asusu mara iko suke shiga, ba mai saka manhaja sai ni. Na sa manhajar Deep Freeze a ɗakin, duk abin da aka yi wa inji da an kashe an kunna ya koma yadda na bar shi. Ofis ya samu nasa layin dabam, ɗakin yara ba ya ganinsa. Filashi daga waje sai ta bi ta wata tsohuwar kwamfuta da na ware a bakin ƙofa. Nan aka fi yin gunaguni, kuma manya ne suka yi. Duk Alhamis ina kwafe bayanan ofis a faifai na waje, in cire shi in kulle a durowa, don wanda ke jone da inji tare suke mutuwa. Saura matsala ɗaya mai nauyi: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, injunanmu goma kuma sun tsufa, ba sa ɗaukar Windows 11. Takardar kuɗinsu tana teburin Shaikh.

Mahaifin yaron ya zo ranar, ya bar aikinsa na ɗinki ya tsaya a bakin ofis yana ba da haƙuri tun kafin a gaya masa laifin. Ni na fita na ce, "Baba, ɗanka bai yi komai ba, wallahi bai taɓa ta ba." Ustaz ya riƙe hannunsa ya nemi afuwa, kuma ya kyauta. Yaron yana tsaye a gefe, kansa a ƙasa, ba wanda ya ce masa komai.

Da, shi ne farkon shigowa ɗakina, ya zauna a inji na 11 kusa da taga. Yau wata biyu ke nan kujerar baya yake zama, ya harɗe hannu. Jiya na kira shi na ce ina neman wanda zai taya ni kwance tsofaffin injunan nan goma mu ga abin da zai moru a cikinsu. Ya ce zai tambayi babansa.